Kyarkeci a Cikin Jini

Tun asuba na baro Periperi,
lema a hammata ko da babu hadari,
don ni rana ce ruwan da ke dukana.
Lamba arba'in da bakwai a layin asibiti.
Matar da ke gabana yatsunta sun kumbura irin nawa.
Ba mu gaisa ba, hannun juna muka kalla.

Lupus suke ce mata. Likita Valdirene ta ce
a wani tsohon harshe kyarkeci ke nan.
Ai kuwa na san haƙoransa.
Shi ya cinye mini gashi shekarar da na yi aure,
shi ya zana mini malam-buɗe-littafi a kumatu, ja wur,
har masu sayen ƙosaina a bakin teku
suka ɗauka zafin manja ne.
Wai garkuwar jikina ce ta manta fuskata,
mai gadi ya juyo da gora kan masu gida.

Na ciro katin ƙwayoyi daga jaka,
wanda ƙanwata Jucilene ta cusa mini a bayan murhu:
"Shekara shida ina sha, ko ciwon kai."
Likita ta juya katin, ta karanta bayansa,
ta ture shi gefe kamar wuƙa a gaban mai rarrafe.
"Jinin ƙanwarki nata ne.
Naki, gwaji ya nuna yana son daskarewa,
wannan ƙwaya kuwa zuga shi take yi.
Gudan jini bai fi ƙwayar wake ba,
amma in ya taso daga sharaɓa ya sauka a huhu..."
Ba ta ƙarasa ba.
Ni mai wake ce, na san girmansa.

"Allurar wata uku fa?"
Ta girgiza kai. Maganin da nake haɗiya kullum
ya riga ya fara sassaƙar ƙashina,
ba a gayyatar gara ɗakin da azara ta tsage.

"To in zauna haka nan, hannu rabbana?"
"Wannan ya fi duka haɗari.
Ƙodarki na yoyo,
maganin da ke toshe ta kuma ba ya jituwa da ɗan tayi."

Sai ta buɗe aljihun tebur
ta ɗora mini wani abu a tafin hannu,
ɗan mitsitsi kamar gwafa, da zare a gindi.
Na yi dariya, har gaɓoɓina suka ji.
Wannan ne zai tsaya tsakanina da kabari?
Ta ce a mahaifa yake zama, shekaru,
ba ya zuga jini, ba ya mantuwa,
ranar da muka shirya a zare shi.

Muka. Kalmar ta tsaya mini a wuya.

Da yamma na iske Edmilson yana ɗinkin koma,
uwarsa Dona Zuleide a bakin ƙofa
tana lissafin shekarun aurenmu da yatsu, kamar kullum.
Na gaya masa komai, har da gudan waken.
Ya daɗe bai ɗago ba.
Ya ciji zaren, ya tofar, ya ce,
"Sai yaushe?"
"Sai kyarkecin ya yi barci wata shida cur,
a canja magani, sannan."
"In bai yi barcin ba fa?"

Ban amsa ba. Jirgin ruwan Itaparica ya yi kuka.
Ya matsa mini wuri a kan benci, cikin inuwa,
inda rana ba ta kai ba.

Da dare na jiƙa waken gobe.
Na tsoma hannu, ruwan na da sanyi,
yatsuna suka yi fari, suka koma shuɗi.
Laraba, ƙarfe tara, in ji takardar.
Na soke ta a ƙusa, kusa da mataci.